Do ɗin Baba Silvanus

Lahadi, 16 ga Maris, ƙarfe 2:10 na rana

Kiɗan ya yi kyau. Wannan nake so in fara rubutawa kafin wani abu ya sha gabansa. Shekara uku ke nan da ikilisiya ta damƙa mini okestirar nan, ƙungiyar makaɗan coci, ban taɓa jin mu a tsabtace kamar yau ba. 'Yan goge takwas sun shiga tare kamar hannu ɗaya ke jan su. Mutum tara na tarar, yau mu talatin da ɗaya ne. Wanda ya ce ni Bernice ban yi aiki ba, ya zo ya ƙirga kujeru.

Baba Silvanus bai tsaya addu'ar rufewa ba.

Na dafa shinkafa, na kasa ci. Zafin garin nan ne.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe 6:00 na safe

Ban yi laifi ba. Ko ba daɗe ko ba jima dole wani ya yi shi.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe 6:40 na yamma

Kujera takwas babu kowa a rihazal, gwajin kiɗanmu: ta Baba, da ta tsofaffin 'yan ƙaho bakwai da ke zama a bayansa tun ina 'yar Sande Sukul, ajin yara na Lahadi. Ba wanda ya aiko da dalili.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zuciyata za ta sarara. A cocinmu ba a fara waƙa sai Baba ya miƙe ya busa do, wato sautin da waƙar za ta tsaya a kansa, sa'an nan ya busa layin farko shi kaɗai, jama'a su kama. Tsofaffin nan ba ruwansu da takardar kiɗa. Do-re-mi suka iya, duk inda Baba ya ajiye do nan za su bi shi. Yaran da na kawo daga kwaleji kuwa takarda suke karantawa, ita kuma takarda ba ta motsi. In an rubuta waƙa a wuri ɗaya Baba ya ajiye ta a wani wuri, sai ka ga Patricia, babbar mai gogenmu, tana lalube ita da mutanenta, baiti ya kusa ƙarewa ba su sami hanya ba.

Wata biyar ina auna do ɗin Baba da wayata kowace Lahadi, ina rubutawa a bayan littafin nan. Yau sama, gobe ƙasa, babu sati biyu da suka zo ɗaya. Kunnensa ya tafi, shi ke nan. Shekara saba'in da huɗu ai ba abin kunya ba ne.

Abin da ban yi ba shi ne gaya masa. Da wane baki? Shi ya fara sa mini ƙaho a leɓe ina da shekara goma sha ɗaya. 'Yata yake kirana. Sau uku na je gidansa da maganar, sau uku matarsa Mama Miriyam ta ajiye mini kwanon acca, na ci, na yi godiya, na dawo da maganata a ciki. Sai kawai na ce wa Gershon mai kibod ya riga shi ba da do ranar Lahadi.

Ya riga shi.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe 4:30 na yamma

Mai acaba ya kawo ƙahon Baba ofishin coci. An wanke shi, an sa masa mai, an naɗe shi da tsohon zanen Zumuntar Mata. A jikin akwatin da 'yar takarda: “Kayan ikilisiya ne.” Ko sa hannu babu.

Sakataren coci ya tambaye ni inda za a ajiye. Na ce ya ba ni. Ga shi nan a kan kujerar falona, kuma na kasa zama kusa da shi.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe 1:45 na rana

Kiɗan ya yi kyau. Matasa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, a ƙarshen waƙar baiko, ta lokacin tara sadaka, har aka tafa mana. Gershon ya ce, “Anti, yau mun kashe shi.” Na yi dariya tare da shi.

Wani abu ɗaya. A tsakiyar waƙa ta biyu na ji ƙarar fankar da ke kan bencin dattawa. Shekara nawa fankar nan tana ƙara, kowa ya san ta, amma ban taɓa jin ta ana cikin waƙa ba.

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe 3:20 na yamma

Malama Rukayya ce ta ɓata mini rana, ba kuma da niyya ba. Tare muke koyarwa a sakandare, gidansu yana bayan katangar cocinmu. Muna cin gyaɗa a ofishin malamai ta ce, “Bernice, lafiya kuwa a wurinku?”

Na ce lafiya lau, me ta gani?

“Ba gani ba ne, ji ne. Da can ranar Lahadi ba na jin rediyona sai kun tashi. Surukata har ta iya amshin wata waƙarku, tana yi tana wanke-wanke, ba ta ma san tana yi ba. Sati biyu ke nan kiɗa kawai nake ji, mai daɗi kuwa. Mutanen fa, tafiya suka yi?”

Na ce mata mutanen suna nan. Ta ce to madalla, ta ci gaba da makin takardunta. Ni kuma na yi wa 'yan aji uku tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe 5:50 na yamma

Fasto ya kira ni ofishinsa. Ya daɗe yana tambayar makaranta da jikin mamata, alamar maganar da ke tafe ba mai daɗi ba ce. Dattawa sun zauna. Ba su ambaci sunan kowa ba, in ji shi. Sun ce an ba okestira wuri a sujada ne don ta ɗauki muryar jama'a, in kuwa jama'a sun koma 'yan kallo, to a mayar da mu ranakun biki kawai, ranar Lahadi a koma ganga da tafi. Za su yanke shawara bayan sujadar Ista.

Sati uku da 'yan kwanaki. Shekara uku ina bin yara gida-gida, ina roƙon iyaye su bar su zuwa rihazal, ina ɗaukar goge a bayan acaba zuwa wurin mai gyara. Za a mayar da mu kayan ado, a fito da mu ranar Kirsimati kamar faranti mai fure.

Na ce wa Fasto jama'a fushi suke yi saboda Baba, zai wuce. Ya dube ni ya ce, “Kin je kin gan shi?”

Na ce zan je.

Jumma'a, 28 ga Maris, ƙarfe 6:15 na safe

Ban je ba.

Lahadi, 30 ga Maris, ƙarfe 2:30 na rana

Yau na juya wa 'yan kiɗa baya na fuskanci jama'a. Na ɗaga hannu biyu, na yi murmushi har kumatuna suka yi ciwo, na ce, “Mu buɗe baki mu yabi Ubangiji.” Sun buɗe. A layi na farko na ji su. Da waƙar ta hau sai suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, maza suka fara, mata suka bi, aka bar mu da 'yan matan kwaya, mawaƙan coci.

Mama Miriyam ta zo ita kaɗai. Ita ce ke jan waƙa a Zumuntar Mata shekara da shekaru, in ta buɗe baki benci goma ne ke bin ta. Yau littafinta yana buɗe a cinya, bakinta a rufe. Bayan sujada na tare ta a ƙofa, na rusuna na gaishe ta, na ce, “Mama, in fushi ne a yi da ni, kada a yi da waƙar Allah.”

Ta kama hannuna ta ɗaga ni. “Wane fushi, 'yata? Waƙan ne ya yi sama. Mun miƙa wuya har wuyan ya gaji. Ni tsohuwa, in yi ta ƙara kaman zakara a gaban surukaina?”

Na ce haka aka rubuta ta a littafi.

“To, littafin ya rera ma ki,” in ji ta, tana dariya, ba da mugunta ba. Ta ce Baba ya tafi ƙauye wajen Fadan Kagoma yana gyaran gonar citta kafin ruwa ya sauka.

Na dawo gida ina tafasa. Duk duniya a wurin nan ake rera waƙar nan. Sai mu a Kafanchan ne muke da wani irin maƙogwaro na daban?

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe 7:00 na yamma

Kiɗan ya yi kyau a rihazal. Na gaji da rubuta wannan.

Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe 4:05 na yamma

Na buɗe bayan littafin nan don in kwafe awon do ɗin Baba in kai wa dattawa, su gani da idonsu cewa ba rashin kunya ce ta sa ni ba. Kalandar coci tana rataye a gabana, sai na riƙa duba kwanakin don kada in yi kuskure.

Inda ya fi yin ƙasa duka, Lahadin da ta biyo bayan jana'izar matan zumunta biyu da muka rasa a hanyar Zonkwa. Sati uku na Nuwamba a jere, ƙasa, lokacin da kowa ke gona yana haƙar citta. Kirsimati da Lahadin da ke bin ta, sama sosai, coci cike da yaran da suka zo hutu daga Abuja da Jos. Satin azumin sabuwar shekara, ƙasa. Ranar bikin matasa, sama.

Na sake bi daga farko, ko zan sami inda bai dace ba. Na sami guda biyu. Guda biyu cikin ashirin da ɗaya.

Ba zan kai wa dattawa komai ba.

Ranar da kibod ya riga shi, Baba ya riga ya miƙe. Wannan ne ban rubuta ba. Ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ƙaho yana bakinsa, ya ja numfashi, sai kibod ya yi ƙara. Mutum wajen ɗari shida suna kallonsa. Bai juyo ya dube ni ba. Ya tsaya haka har muka gama layin farko, sa'an nan ya sauke ƙahon, ya share bakinsa da hankici, ya zauna. Ni kuwa ina ta kaɗa hannu kamar ban gani ba. Na gani.

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe 6:20 na yamma

Na je. Mota zuwa Fadan Kagoma, daga nan acaba, ƙahon yana kan cinyata duk hanya. Na same shi a gona da tsohuwar hular kaki yana jera ciyawar da za a rufe citta da ita in an shuka. Da ya hango ni sai ya ce, “A'a, Malama da kanta? An rufe makaranta ne?” Malama ya ce. Bai ce 'yata ba.

Na durƙusa a kan kunyar gona, ban damu da siket ɗina ba. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na ce, “Baba, na yi maka laifi a gaban mutane. Ka yafe mini.”

Ya bar ni a durƙushe na ɗan lokaci, kuma na cancanci haka. Sa'an nan ya ce in tashi mu koma inuwa, rana ba ta san mai tuba ba.

A gindin mangwaro na nuna masa awon da na yi, na gaya masa abin da na ɗauka da abin da na gano shekaranjiya. Ya riƙe littafin nesa da ido yana bi da yatsa, sai ya fashe da dariya har da tari.

“Wato wata biyar kina bina da waya kaman ɗan sanda. Da kin tambaye ni ai da na rage miki wahala.”

Na ce yaya yake yi?

“Kin taɓa ganina a kujerana kafin sujada?”

Na yi tunani. Ban taɓa ba. Kullum yana bakin ƙofa yana gaisawa da mutane, har na sha jin haushi a raina, muna ɗaure tsirkiya muna daidaita kaya shi yana can yana hira.

“Ba hira nake yi ba. Ina jin su ne. Tsohuwa in ta ce miki ina kwana, ki ji daga ina muryan ya fito, daga kai ko daga ciki. Ki ji maza suna tari ko ba su yi. In matan zumunta sun zauna, akwai wanda zai fara gunguni da waƙa a hanci, kullum akwai, yawanci uwar gidana ne. Ki ji inda ta sa shi. Mutum da ya kwana uku yana haƙan citta ba zai hau inda ɗan makaranta ke hawa ba. Wanda ya binne ɗan'uwansa jiya, ki sa masa waƙa a ƙasa, inda zai iya ɗauka. Wanda ya rubuta littafin nan bai san wanda ya mutu a garinmu ba.”

Na tambaye shi guda biyun da ba su dace ba. Ya ce, “Wannan kam kuskure ne. Ni ma mutum ne.”

Na tura masa akwatin ƙahon. Ya tura mini shi baya da ƙafa, a hankali.

“Kunnena lafiya lau. Leɓena ne ya gaji, haƙori biyu sun tafi, in na busa layi ɗaya sai na huta. Tun bara nake neman yadda zan ce miki ki karɓa, ina jin nauyi kada ki ce na gudu na bar ki da yara. Kin ga, ke kina jin kunyana, ni ina jin kunyanki, har Shaiɗan ya samu kujera a tsakiya. Da kin zo, da na ba ki da hannuna a gaban ikilisiya, a yi addu'a. Yanzu kin riga kin ɗauka. Riƙe.”

Wannan ya fi zagi ciwo. Na yi kuka, ya bar ni na yi, yana ɓare gyaɗa. Da zan tafi ya cika mini leda da mangwaro ya ce in gai da Mama Miriyam, in ce mata maganin ƙafarsa ya kusa ƙarewa.

Ban tambaye shi ko zai zo Ista ba. Ban ga ina da bakin tambaya ba.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe 7:10 na yamma

Na gaya wa yara: daga yau kowace waƙa za mu koye ta a wuri uku, inda aka rubuta, da ƙasa kaɗan, da ƙasa sosai. Ba za su san wanda za mu yi ba sai an busa do ranar Lahadi.

Patricia ta ajiye gogenta a cinya. “Ma, da girmamawa, wannan komawa baya ne. Shekara huɗu na yi ina koyon abin nan. Ba a yin haka a ko'ina. Su ne ya kamata su koyi hawa.”

Na ji muryata a bakinta, har da yadda take ɗaga haɓa. Ni na koya mata. Na ce, “Patricia, kakarki tana benci na shida. Yaushe rabon da ki ji muryarta?” Ta zauna har ƙarshe, amma ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Sauyin ya fi wuya a kan 'yan goge, yatsunsu sun saba da hanya ɗaya. Abin da muka yi yau, ko akuya aka taka ta fi mu daɗin ji.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe 6:45 na yamma

Yara huɗu sun turo saƙo, sun koma wani coci a cikin gari inda ake kiɗa da fitilu masu launi. Biyu daga ciki ni na saya musu tsirkiyar farko. Na yi musu fatan alheri, sa'an nan na zauna na ji haushinsu sosai.

Na bi gidajen tsofaffin 'yan ƙaho bakwai, kwana biyu ina yi. Gwiwata ta san tabarmar kowa yanzu. Uku sun ce za su zo. Biyu sun ce sai sun ji daga bakin Baba. Ɗaya ya ce ba ya nan, alhali ina jin tarinsa a ɗaki. Na bakwai ya ce, “Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ke sauke mana kika yi.” Na ce haka ne.

Daga talatin da ɗaya mun koma ashirin da biyu. Na daina cewa a zo a ƙirga kujeru.

Lahadin Dabino, 13 ga Afrilu, ƙarfe 2:00 na rana

Ƙarfe takwas saura ina bakin ƙofa. Na gaisa da mutum ya fi ɗari. Ina kwana, lafiya, yaya gajiya, yaya zafi. Na kasa kunne har kaina ya yi ciwo, ban ji komai ba sai ina kwana. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko takara zan tsaya.

Na yi ka-cici-ka-cici na ɗaga wa Gershon yatsa biyu, wato ƙasa kaɗan. Rabin 'yan goge suka shiga a inda aka rubuta. Baiti na farko ya watse, wani yaro a saman bene ya yi dariya da ƙarfi, na ga dattijo ɗaya yana rubutu a takarda.

Kiɗan bai yi kyau ba. Amma a baiti na uku na ji maza a bayan coci, can ƙasa, kamar mota tana tahowa daga nesa. Ba su da yawa.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe 5:30 na yamma

Ruwan farko ya sauka da rana, mai ƙarfi. Baba zai samu ya shuka cittarsa.

Na buɗe akwatin. Shekara tara rabona da busa ƙaho. Kibod yana da wurare ƙayyadaddu, in na ji jama'a a wani wuri sai na yi wa Gershon alama, shi ya fassara, kafin nan abin ya huce. In zan ba da do, da bakina zan ba da shi. Kwana uku ina yi bayan makaranta, leɓena ya kumbura, karen maƙwabta ya ƙaura.

Jumma'a Mai Kyau, 18 ga Afrilu, ƙarfe 3:40 na yamma

Yau ba a kiɗa, al'adarmu ce, murya kawai. Na bar gaba na je na matsa a tsakiyar matan zumunta, kusa da Mama Miriyam. Ta matsa mini.

Kafin Fasto ya fito na ji gungunin da Baba ya faɗa mini, daga wurin Mama. Tana gyara ɗankwali, tana neman shafi, waƙar tana fita ta hancinta ƙasa-ƙasa, ita kanta ba ta sani ba. Ta kusa da ita ta ɗauka, ta gaba ta ɗauka. Kafin a sanar da lambar waƙa benci uku sun riga sun yarda da inda za ta zauna. Shekara uku ina tsaye taku goma daga wurin nan, na ba shi baya.

Na kuma lura suna jan numfashi a ƙarshen kowane layi, dogo, fiye da yadda takarda ta bari. Ni kuwa kullum a nan nake kora su gaba.

Patricia ta turo saƙo da yamma: “Ma, na iya ukun duka.” Ko gaisuwa babu. Ya ishe ni.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe 6:00 na yamma

Na guga farar riga. Ina jin tsoro.

Lahadin Ista, 20 ga Afrilu, ƙarfe 3:15 na yamma

Na tsaya a ƙofa. Muryoyin tsofaffi a gajiye suke, an sha aikin shuka tun ranar Laraba. Wannan kam na ji shi da kunnena, ba zato ba ne. Na bi ta gefen matan zumunta kamar ina neman wani abu, na ji inda Mama ta sa waƙar, na riƙe shi a maƙogwaro har gaba, ina tsoron kada wani ya gaishe ni ya zube.

Da Fasto ya sanar da waƙar tashin Almasihu na miƙe da ƙahon Baba. Coci ya yi tsit, na ji fanka. Do ɗin ya fito da 'yar rawa, amma ya fito. Na busa layin farko ni kaɗai. Patricia ta shigo daidai, tsofaffi uku suka shigo a bayanta.

Layi na farko jama'a suna taɓawa kamar mai gwada zafin ruwa. A na biyu Mama Miriyam ta rufe littafinta ta buɗe baki. Daga nan ban san yadda zan rubuta ba. A baiti na ƙarshe na sauke hannu, 'yan kiɗa suka yi shiru gaba ɗaya, ba mu shirya haka ba, jama'a kuwa ko gezau, suka ɗauke ta su kaɗai har ƙarshe. Gershon yana share ido da bayan hannu. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya ɗaga waya.

A ƙofa Fasto ya matse hannuna ya ce dattawa suna da maganar rufin makarantar yara ranar Laraba, ba ya jin za a sami lokacin wata magana. Na gane.

Ina naɗe ƙahon a zanensa sai na ji an ce, “'Yata.”

Yana tsaye da babbar riga, ƙasar gona ba ta gama fita daga farcensa ba. Ban san ya zo ba.

“Kin yi ƙasa kaɗan,” ya ce. “Kin ji tsofaffi, kin manta yara sun zo hutu. Ista ne. Da kin ɗaga rabin taki.”

Na ce na ji. Na ce, “Baba, kujerarka tana nan, ban bari an ɗauke ba. Ka dawo, ko ba ka busa ba.”

“Na dawo mana. Ba ki ji ni ba? Ina benci na huɗu.” Ya gyara hularsa, yana kallon ƙahon a hannuna. “Shekara arba'in da ɗaya ƙarfen nan yana bakina kowane Ista. Yau ne na fara rera waƙan nan da muryana. Ashe ban ma iya baiti na uku ba, sai da uwar gidana ta nuna mini a littafi.”

Ya ce in bar wa wani kujerar. Sati mai zuwa in same shi a ƙofa ƙarfe takwas saura, kada in makara.